Wa Ya Kashe Allon Kwamfutar Kawuna?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu waɗanda kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda na san da yawa daga cikinku za su ce ba ta kai a ɓata takardar wannan mujalla dominta ba. Za a ce ana fama da tsadar abinci, da kuɗin makaranta, da 'yan bindigar da suka hana manoma shiga gona a gabashin jiharmu, shi kuwa wannan yaro ya zo yana kuka a kan gilashin kwamfuta. Na ji, ban kuwa yi musu ba. Amma ƙaramin ƙurji shi kan tona abin da ke cikin jini, kuma abin da ya sami kwamfutar kawuna ya nuna mini wata cuta wadda ta kama mu duka, tun daga mai gyara a bakin kasuwa har zuwa mai sa hannu a takardar kwangila, har zuwa mu da muke zaune a ɗakunan lacca muna jiran takardar shaida.

Kawuna malamin firamare ne a ƙasar Shagari, ya fi shekara 20 yana riƙe da alli. Ya yi adashi na wata da watanni, ya haɗa da kuɗin raguna biyu, ya sayi kwamfutar cinya gwanjon Turai, irin wadda ake shafa gilashinta da yatsa, wato abin da 'yan kasuwa ke kira tac. Ba don alfahari ya zaɓi wannan iri ba. Hannunsa bai saba da madannai ba, amma da yatsa yana iya zana baƙaƙen boko da na ajami a kan allon, yara su kewaye shi suna kallo, ɗaya bayan ɗaya su zo su kwaikwaya. A cikinta ya tara jarrabawar ɗalibansa ta shekara uku, da tsarin darussansa, da hotunan kakarmu, Allah ya jiƙanta. Da na'urar ta fara nauyi, tana daɗewa kafin ta buɗe, sai ya hau mota ya biyo ta Boɗinga ya shigo Sakkwato, ya kai ta wani shagon gyara. Mai shagon bai tambaye shi kome ba, bai duba kome ba. Ya ce, “Malam, bairos ne, sai an yi mata fomatin.” Kawu bai san mene ne fomatin ba, ya ɗauka wani irin wanki ne, ya ce a yi. Aka share duk abin da ke cikinta, aka ɗora mata Windows 7, wai ita ce mara nauyi. Da aka kunna, sai allon ya ƙi jin yatsa. Mai gyara ya shafa, ya danna, ya girgiza kai, ya ce, “Ai tac ɗin ya ƙone, dama kayan gwanjo haka suke. Sai dai a aika Kano ko Ikko a sawo sabon gilashi.” Kuɗin da ya faɗa ya kusa albashin Kawu na wata guda.

Kawu ya koma Shagari da na'ura wadda ta shiga shago da rai ta fito a shanye, ga takardunsa sun tafi, ya kuma biya ladan aikin da hannunsa, har ya yi godiya. Da na je hutu na tarar da ita a naɗe cikin zane a ƙarƙashin gado. Na ce, “Kawu, me ya same ta?” Ya ce, “Ajalinta ne ya zo, ɗana.” Wannan kalma ta ajali ita ce ta hana ni barci, domin ba ajali ba ne, aikin mutum ne, kuma abin da mutum ya ɓata da jahilci bai kamata a jingina shi ga ƙaddara ba.

Bari in bayyana yadda abin yake, don kada a ce ina zargi ba hujja. Gilashin da ake shafawa yana da wata raga ta siraran layuka waɗanda ido ba ya gani, ɗan ƙaramin lantarki yana bin su. In yatsa ya taɓa, sai yanayin lantarkin wurin ya canja, wani ɗan guntun ƙwaƙwalwa da ke maƙale da gilashin ya auna inda aka taɓa, ya aika da labari zuwa cikin na'ura. To, amma labarin nan da wani harshe yake zuwa, babbar manhajar da ke mulkin na'urar kuwa, ko Windows ce ko Linux, ba ta jin wannan harshe sai da tafinta. Wannan tafinta shi ake kira direba, ba na mota ba, wata 'yar ƙaramar manhaja ce wadda aikinta ke nan. A yawancin kwamfutocin cinya da aka ƙera daga 2012 zuwa yau, labarin gilashin ta wata siririyar hanya yake bi mai suna I2C, kuma tafintoci biyu ake bukata: ɗaya na hanyar kanta, ɗaya na gilashin. Kamfanin Microsoft bai sa tafintan irin wannan gilashi a cikin Windows ba sai a Windows 8, wadda ta fito a 2012. Windows 7 ta 2009 ce, an haife ta kafin a yi wannan shiri, har ma kamfanin ya daina kula da ita tun watan Janairu na 2020. Wato mai gyaran nan ya ɗauki na'urar da aka ƙera don Windows 10, ya ɗora mata tsohuwa wadda ba ta taɓa jin harshen gilashin ba, sa'an nan ya juyo ya ce gilashin ne ya mutu. Kamar a kori tafinta daga kotu ne, a ce mai ƙara bebe ne.

Ni da wani abokina da ke karatun kimiyyar kwamfuta, yamma ɗaya muka yi a kanta. Da farko mun so mu tabbata ko gilashin yana da rai, sai muka sa Ubuntu a filashi, wato wani nau'in Linux da ake samu kyauta, muka tashi na'urar daga filashin ba tare da mun taɓa rumbun ajiyarta ba. Kafin minti biyar allon yana bin yatsa kamar ranar da aka saye shi. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma shi kaɗai ya isa ya raba gardama: in gilashi ya yi aiki a wata manhaja, to ciwon ba a jikinsa yake ba. Daga nan muka mayar mata da Windows 10. Abin mamaki ga Kawu, ba ta nemi lambar lasisi ba, domin tun daga Windows 8 masu ƙera kwamfuta suna binne lambar a cikin bod ɗin na'urar, in ka ɗora irin wadda ta zo da ita sai ta gane kanta. Ashe Kawu yana da halal ɗinsa a ciki, aka share aka ba shi ta sata. Duk da haka allon bai farka ba nan da nan. Muka buɗe wurin da ake kira Device Manager, inda na'ura ke jera gaɓoɓinta, muka ga alamun ruwan ɗorawa masu kusurwa uku a gefen waɗansu sunaye, ma'ana ga gaɓa amma ba tafinta. Muka duba lambar da ke rubuce a ƙarƙashin kwamfutar, muka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, muka sauko da direban hanyar, wanda ake kira Intel Serial IO, muka sake kunnawa. Shi ke nan. Kawu ya sa yatsa ya rubuta bisimilla, ya daɗe yana kallonta bai ce uffan ba. Takardunsa da hotunan kakarmu kuwa ba su dawo ba, domin an riga an rubuta wani abu a kansu.

Yanzu sai mu koma ga tambayar: laifin wa?

Mafi sauƙi shi ne a ɗora wa mai shago, kuma lalle yana da nasa kaso, ba zan wanke shi ba. Fomatin ya zama wa masu gyaranmu kamar yadda allura ta zama wa masu kemis na ƙauye: ciwon kai allura, ciwon ciki allura. Na'ura ta yi nauyi, fomatin. Sauti ya ɗauke, fomatin. Alhali kuwa nauyin kwamfuta sau da yawa daga tarin manhajojin da ke tashi tare da ita ne, ko rumbun ajiya ya cika, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka har zafi ya sa ta ja da baya, abin da duk mutumin Sakkwato ya kamata ya fara zato. Ko da fomatin ya zama dole, akwai ladabinsa. Ana kwashe takardun mai kaya tukuna. Ana kwashe direbobin ma, domin a cikin Windows kanta akwai umarni mai suna pnputil wanda zai kwafe su duka zuwa filashi cikin 'yan mintoci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai ƙananan kwamfutoci masu araha daga ƙasar Sin, musamman masu guntun gilashi na kamfanin Silead, waɗanda wani fayil na musamman ne ke farkar da gilashinsu duk lokacin da aka kunna, kuma kowane samfuri da nasa. In aka share shi, kamfanin da ya harhaɗa na'urar kuma ba shi da ko shafi a intanet, to sai dai a yi ta bara wajen waɗansu masu sa kai da ke tattara irin waɗannan fayiloli. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya karɓi amanar kayan mutane ba. Mafi muni kuma, da ya ga ya yi ɓarna, maimakon ya ce ban sani ba, sai ya ƙirƙiro wata cutar da za a sake biyansa a kanta.

Amma fa mu yi adalci. Wa ya koya masa? Yaron nan a bakin tebur ya tashi, yana kallon ubangidansa, ubangidan ma haka ya koya. Ba makarantar da ta kira shi, ba littafi ko ɗaya da Hausa da zai karanta, ba hukumar da ta gwada shi. Yana aiki da janareta, yana sayen data da kuɗin aljihunsa, filashi ɗaya gare shi mai ɗauke da Windows ɗin da wani ya ba shi, wadda aka yanke mata gaɓoɓi don ta yi sauri. Duk da haka shi ne ke riƙe da kwamfutocin rabin gari, mu masu karatun jami'a ma wurinsa muke kai namu. In muka tsaya a kansa, mun bugi jaki mun bar taiki.

Mu ɗaga kai mu dubi inda kayan ke fitowa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Ikko a 2015 da 2016 ya nuna kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa ƙasar nan a shekara, mafi yawa daga Turai, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka. Iyayenmu suna tuna abin da ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a bayan gidan wani talaka, abin da ya tayar da hankalin duniya, aka yi yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991. Yau gubar ba a ganga take zuwa ba, a kwantena take zuwa, muna kuma rububin saye. Ban ce a hana gwanjo ba, domin ba don shi ba da ni da Kawu da mafi yawanku ba mu taɓa mallakar kwamfuta ba. Abin da nake cewa shi ne, tana zuwa tsirara: ba littafin bayani, ba faifan direbobi, ba wanda za ka koma wa. Sa'an nan wanda ya ƙera manhajar yana zaune a Amurka yana yanke mata ranar mutuwa. A ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa Windows 10, ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta karɓar na'ura sai mai wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 ko sama, ko makamanciyarta. Kwamfutar Kawu zubi na 6 ce. Lafiyarta ƙalau, amma an rubuta mata takardar sallama a wani ofis da bai san akwai wani gari wai shi Shagari ba. Mutanen Faransa tun 2021 suka tilasta a riƙa manna wa kwamfutar cinya da waya maki mai nuna sauƙin gyaranta, Tarayyar Turai kuma ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024. Su da suke da kuɗin sayen sabuwa sun tashi suna kare gyara, mu da rayuwarmu duka a kan gyara take muna barci.

A nan ne maganata ta iso gare ku, yayyenmu ma'aikata, kuma ku yi haƙuri in ta yi ɗaci. Abin da ya sami Kawu a na'ura ɗaya, gwamnatocinmu sun sha yin sa a dubbai. A 2007 aka sayo wa makarantun ƙasar nan ƙananan kwamfutoci 17,000 na kamfanin Intel, masu suna Classmate, ɗauke da Linux ta wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva. Ba a jima ba sai labari ya fito cewa za a share ta a ɗora Windows, har shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kuka da abin da ya faru. Jaridun duniya suka ɗauka. Ku dubi wannan hoto da kyau: Bafaranshe da Ba'amurke suna kokawa a kan abin da za a zuba a kwamfutar ɗan firamaren Nijeriya, malamin da zai tsaya gaban aji kuwa yana gefe kamar baƙo a gidan biki. A wannan shekara ce kuma aka gwada shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, aka yi ta maganar za a sayi miliyan guda, aka ɗauki hotuna, maganar ta bi ruwa. A 2013 Jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare allunan shafawa da ta kira Opon Imo. Kowane shiri da bikin buɗewa, da yanka kyalle, da jawabi. Ranar da batir zai kumbura, ko gilashi ya daina jin yatsa, ba ka ganin kowa.

Na shiga wani ofis a lokacin da nake neman takardar shaidar ɗan ƙasa, na ga kwamfutoci a jere a kan benci, an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani. Na tambayi akawun, ya ce sun lalace. Na ce me ya same su? Ya ce an yi musu fomatin, daga nan wannan ta daina ganin firinta, waccan ta daina kama intanet, ana jiran a sa kuɗin sababbi a kasafin baɗi. To, ga inda gizo ke saƙa. Gyara ba ya kawo kwangila, saye ke kawowa. Direban da za a sauko da shi kyauta ba shi da kashi goma cikin ɗari, ba wanda zai yi gini da shi. Saboda haka matacciyar kwamfuta ta fi rayayya amfani ga waɗansu mutane, kuma jahilcin mai gyara ya zama musu rufin asiri.

Wannan hali kuwa ba yau ya fara ba. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garinmu a 1925, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa, ya kuma mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. A zamaninsa aka zuba dukiya a kamfanin ƙarfe na Ajakuta tare da Rashawa, ga masana'antun harhaɗa motoci na Peugeot a Kaduna, da Fiat a Kano, da Steyr a Bauchi, ga taraktocin shirin bunƙasa noma. Ba na shakkar niyyar mutanen wancan zamani, sun so ƙasa ta tsaya da ƙafarta. Amma mun sayi ƙarfen mun bar ilmin a hannun mai sayarwa, ranar da ya naɗe kayansa ya tafi sai injin ya tsaya. Ajakuta har yau ba a gama ta ba. Tun 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, a 2001 aka kafa hukumar NITDA, amma bayan shekara fiye da 35 malamin firamare a mahaifar shugaban ƙasa yana naɗe kwamfutarsa a zane yana cewa ajali. Abin da ya bambanta jiya da yau shi ne, ilmin narka ƙarfe yana bukatar biliyoyi, ilmin mayar da direba kuwa yana bukatar filashi ɗaya da mutum mai son karatu. Ba mu da uzurin da iyayenmu suke da shi.

Kada wani ya ce wannan matsalar masu kwamfuta ce kaɗai. Tun 2015 ba mai shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta jarrabawar JAMB. A zaɓen 2023 da na'urar BVAS, mai allon shafawa, aka tantance masu jefa ƙuri'a. A 2025 kuskuren sabunta manhaja a waɗansu na'urorin JAMB ya ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Ikko da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, aka sake musu jarrabawa. Shi dai ya fito ya ce mun yi kuskure, kalmar da mai gyaran Kawu ya kasa furtawa. Makomar yaro da ƙuri'ar talaka da albashin ma'aikaci duk sun koma cikin waɗannan akwatuna, al'ummar da ba ta san cikinsu ba kuwa, duk abin da aka ce mata na'ura ta faɗa, sai ta karɓa hannu biyu.

Saura mu. Ina jin kunyar rubuta wannan sashe, amma in na bar shi na zama munafuki. Nawa ne daga cikinmu suka ci darasin kwamfuta na shekarar farko da maki mai kyau, sun haddace zuriyar kwamfuta ta ɗaya har ta biyar, sun san sunan Charles Babbage, amma ba su taɓa buɗe Device Manager ba? Muna zana linzami da biro a takardar jarrabawa. Muna ɗauke da kwamfuta a jaka kamar laya, muna kallon fim da ita, in ta yi tari mu ruga kasuwa. Kuma muna raina mai gyara, muna ganin aikin hannu ba na ɗan jami'a ba ne, shi kuma yana ganinmu 'yan boko masu Turanci ba aiki. Ilmin da ke kanmu da ƙwarewar da ke hannunsa sun ƙi gaisawa, Kawu ne ke biyan kuɗin wannan gaba. Abin haushi, a ƙasar da muke taƙama da ita ba haka aka gada ba. A Sifawa da Boɗinga, nan kan hanyar da Kawu ya bi, Shehu Usmanu da Malam Abdullahi sun zauna suna karantarwa suna rubutu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani, har da ciwon ido, ya kuma kwaɗaitar da masu mulki su kula da masu sana'a. Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su koyi Larabci ba, ta mayar da ilmi cikin Fulatanci da Hausa ta aika da jajis su kai musu har gida. Mu jami'armu sunan Ɗanfodiyo take ɗauke da shi, amma ban taɓa cin karo da ko shafi biyu da ɗayanmu ya rubuta da Hausa a kan yadda malamin ƙauye zai kiyaye kwamfutarsa ba. Ita kanta Windows tana da fassarar Hausa tun shekaru da dama, Kawu bai taɓa jin labari ba, domin ba wanda ya gaya masa.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai ba kowa ne zai zama makaniki ba, mai mota ma ba dole ya san cikin inji ba. Gaskiya ne, amma mai motar kirki ya san a duba mai da ruwa, kuma in makaniki ya ce a sauke inji saboda fitila ta mutu, zai ɗauke motarsa ya tafi. Iyakar abin da nake nema wa Kawu ke nan. Za a kuma ce Linux ce mafita, a yi watsi da Windows gaba ɗaya. Ina ƙaunar Linux, ita ta ceci gilashin Kawu, kuma tun da Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi kamarmu a Helsinki, kowa yana da izinin buɗe cikinta ya karanta. Ga tsofaffin na'urorin da Windows 11 ta ƙi, ban ga wata hanya mai mutunci da ta fi ta ba. Amma kada mu mai da ita wani sabon fomatin. Ita ma akwai gilasan da ba ta ji sai an sabunta ƙwayarta, akwai firintocin da take gardama da su, kuma wanda ya ɗora wa malami ita ya tafi bai koya masa ba, da shi da mai shagon can duk kanwar ja ce.

Saboda haka ina kira ga ku ma'aikata, musamman waɗanda fayil ɗin saye ke bi ta teburinsu: kada ku sa hannu a kan kwangilar kwamfuta wadda ba a rubuta a cikinta cewa ɗan kwangila zai miƙa kwafin direbobin kowane samfuri, da shaidar lasisi, da horar da mutum biyu a kowace makaranta ko ofis ba. Kafin a rubuta cewa na'ura ta mutu a kai ta sito, a sa wani ya tashe ta daga filashi a gaban shaidu. Na san ƙaramin ma'aikaci ba shi da ikon hana manya abin da suka nufa, amma yana da ikon rubuta ra'ayinsa a fayil, kuma fayil ba ya mantuwa.

Ga Ƙungiyar Ɗalibai kuwa, kuɗin da muke kashewa a daren rawa ɗaya ya isa a sayi filashi 20 da sukuddireba da burushin share ƙura. A kafa tebur a harabar ɗakunan kwana kowace Asabar, 'yan sashen kwamfuta su zauna, a gayyato masu gyara na kasuwa a matsayin abokan aiki, su koya mana kwance na'ura da liƙa waya, mu koya musu karanta lambar gaɓa da neman direba. 'Yan sashen Hausa su zauna da su a fitar da ɗan littafi mai shafi 20, a buga, duk mai tafiya hutu Shagari ko Yabo ko Tambuwal ko Dange ya tafi da kwafi goma ya ajiye a makarantar da ta yaye shi. Na kai wannan shawara a rubuce ofishin Ƙungiya tun zangon da ya wuce, har yanzu ban ji amsa ba, shi ya sa na kawo ta nan inda kowa zai gani.

Kafin su amsa, ni da abokina mun fara. Muna zama bayan la'asar ranar Asabar a gindin dogon yaron da ke gaban ɗakin kwananmu, kuma ba mu karɓar kuɗi. Duk wanda aka ce masa tac ɗinsa ya ƙone bayan fomatin, kada ya sayi gilashi sai ya kawo mun gwada. Ya kwafe takardunsa tukuna in na'urar tana tashi, ya kuma zo da cajarsa, don ba mu da ta aro.